Yadda ake gano abin da ke yanke waifai a na'urar ekstenda, da abin da fitilunta ke nufi

Na'urar ƙara nisan waifai, wadda masu sayarwa ke kira ekstenda ko ripita, ba ta da intanet na kanta. Aikinta shi ne ta kama siginar da rauta ke watsawa, ta sake watsa ta zuwa ɗakunan da rautar ba ta kaiwa. Saboda haka duk saƙon da ya tashi daga wayar hannu sai ya ratsa gaɓa uku kafin ya fita daga gida: daga waya zuwa ekstenda, daga ekstenda zuwa rauta, sannan daga rauta zuwa kamfanin da ke sayar da data. Idan waifai yana yankewa, ɗaya daga cikin gaɓoɓin nan ce ta saki, kuma kowace da irin gyaranta. Abin da ya fi ɓata wa mutane lokaci shi ne su tsallake wannan bincike, su ɗauko allura su danna ramin riset, su goge saitin da babu abin da ya same shi, alhali data ce ta ƙare ko fulogi ne ke rawa a cikin soket. Matakan da ke tafe an jera su ne daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma goge saiti yana can kusa da ƙarshe da gangan.

Mataki na farko: a gano gaɓar da ke saki

A zare ekstendar daga wuta gaba ɗaya, a koma kusa da rauta, a haɗa waya da waifan rautar kai tsaye. Kafin a fara gwaji wajibi ne a kashe datar layin da ke cikin wayar, domin yawancin wayoyi suna komawa kan datar layi a ɓoye da zarar waifai ya yi rauni, sai mutum ya ɗauka komai lafiya. Daga nan a kunna bidiyo mai tsawo a bar shi yana tafiya na minti goma ko sha biyar. Idan ya tsaya a nan ma, to ekstenda ba ta da laifi, kuma abin dubawa shi ne sauran data, da zaman layin a cikin rauta, da fitilar sabis ta rautar. Masu rauta mai layin waya ta Huawei galibi suna shiga shafinta ta adireshin 192.168.8.1, wasu rautocin kuma ta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma a can ake ganin ko rautar ta rasa sabis ne ko ta sauko daga 4G zuwa 3G.

Idan bidiyon ya tafi lami lafiya a kusa da rauta, sai a mayar da ekstendar wurinta a ci gaba da bincike. Wanda ke da kwamfuta yana da hanyar da ta fi kowace tsabta. A haɗa kwamfutar da waifan ekstenda. A Windows ana buɗe tagar rubuta umarni ta cmd har guda uku, a rubuta ping -t da adireshin ekstenda a ta farko, ping -t da adireshin rauta a ta biyu, sannan ping -t 8.8.8.8, wanda adireshi ne a can intanet, a ta uku. Umarnin ping yana ta aika ɗan saƙo zuwa adireshin yana nuna ko an amsa. Adireshin ekstendar ana samunsa a jerin na'urorin da ke haɗe a shafin rauta, tunda bayan haɗuwa rautar ce ke ba ta sabon adireshi. A bar tagogin uku suna gudana har lokacin da yankewar ta zo. Idan ta uku kaɗai ta fara rubuta Request timed out, matsalar tana tsakanin rauta da kamfanin data. Idan ta biyu da ta uku suka tsaya tare amma ta farko tana amsawa, ekstendar ce ta rabu da rauta. Idan duka ukun suka tsaya, ko dai kwamfutar ta faɗo daga ekstenda, ko ekstendar ta mutu ta sake tashi. Wannan gwaji na minti kaɗan yana rage rabin wahalar da ke gaba.

Mataki na biyu: a karanci fitilun a daidai lokacin yankewa

Kowane kamfani da launin da ya zaɓa, kuma ko a kamfani ɗaya samfuri yana bambanta da samfuri, don haka a fara duba lambar samfurin a takardar da ke manne a bayan na'urar. Duk da haka aikin fitilun kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Akwai fitilar wuta, wadda aka rubuta Power a gefenta, tana ƙiftawa ko ta nuna wani launi na ɗan lokaci yayin da na'urar ke tashi, sannan ta tsaya cak. Akwai fitilar da ke ba da labarin alaƙar ekstenda da rauta, kuma ita ce mafi muhimmanci a wannan aiki. Akwai fitilar WPS, wadda ke ƙiftawa lokacin da ake haɗa na'urorin biyu ta maɓalli. A masu zango biyu, wato masu watsa waifai a 2.4 GHz da 5 GHz, ana samun ƙananan fitilu biyu, 2.4G da 5G, kowace tana nuna ko an haɗu da rauta a wannan zango. Wannan 5G ɗin yana nufin 5 GHz na waifai, ba shi da alaƙa da 5G na layin waya.

A na'urorin TP-Link irin su RE305 da RE450, fitilar sigina idan ta tsaya shuɗiya tana nufin an haɗu da rauta kuma wurin ya yi, idan ta zama ja siginar ta yi rauni sai a matso da na'urar kusa, idan tana ƙiftawa ana tsakiyar haɗin WPS, idan kuma a kashe take babu haɗi sam. Tsohuwar TL-WA850RE ta TP-Link tana da fitilun ƙarfin sigina guda biyar, kuma ana son aƙalla uku su kama. A na'urorin Netgear irin su EX3700 fitilar Router Link ce ke wannan aiki: kore shi ne mafi kyau, ruwan goro mai dama-dama, ja mai rauni, a kashe kuma babu haɗi. Suna da wata fitila ta daban mai suna Device Link da ke ba da labarin alaƙar ekstenda da waya ko kwamfuta da launuka iri ɗaya. A Linksys irin su RE6300 da RE6700 fitila ɗaya ce ke ɗauke da duka bayanin: kore a tsaye yana nufin komai ya daidaita, ruwan goro a tsaye yana nufin haɗin ya yi rauni, ruwan goro mai ƙiftawa kuma yana nufin ba a haɗu da rauta ba.

Akwai abu biyu da ake yawan kuskuren fahimta. Na farko, fitila shuɗiya ko koriya shaida ce kawai cewa ekstenda tana jin rauta da kyau, ba ta cewa komai a kan ko rautar tana da intanet. Data za ta iya ƙarewa ƙaf fitilar tana nan koriya shar. Na biyu, idan duka fitilun a kashe suke amma waifai yana aiki, ba lalacewa ba ce. Yawancin na'urorin suna da maɓalli ko saiti na kashe fitilu, wasu ma suna kashe su da kansu da dare idan an saita musu lokaci.

Amfanin fitilun na gaskiya yana fitowa ne a daidai daƙiƙar da haɗin ya yanke, ba bayan ya dawo ba. Tunda ba kowa ke da lokacin zama yana kallon soket ba, a jingine tsohuwar waya tana ɗaukar bidiyon fitilun, a lura da lokacin da yankewar ta zo, sannan a koma a duba. Idan duka fitilun suka mutu, ta Power ta sake ƙiftawa kamar yanzu aka kunna, na'urar ce ke sake tashi, kuma maganar wuta ce ko zafi. Idan ta Power ta tsaya amma ta sigina ta koma ja ko ta mutu, maganar wuri ce ko tasha. Idan babu fitilar da ta motsa amma waya ta rasa intanet, sai a nemi matsalar a rabon adireshi ko a wayar kanta.

Mataki na uku: wuta da zafi

Ekstendar da ake cusawa kai tsaye a soket ɗin bango tana rataye ne a kan ƙafafun fuloginta, kuma nauyinta duka a kansu yake. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu masu ƙafa biyu zagaye ne irin na Turai ko masu faɗi irin na Amurka, alhali soket ɗin gidajen Najeriya galibi mai ƙafa uku ne irin na Ingila. Sai a sa adafta mai araha a tsakani, na'urar ta ɗan sunkuya gaba, a ga wata 'yar tazara tsakaninta da bango. A irin wannan zama, rufe ƙofa da ƙarfi ko yaro ya gifta ya taɓa ta ya isa ya yanke wutar na ƙiftawar ido, kuma na'urar tana buƙatar minti ɗaya ko biyu kafin ta tashi ta sake kama rauta. Gwajin mai sauƙi ne: a taɓa ta a hankali da yatsa ana kallon fitilar Power. Idan fitilar ta yi rawa, a canja adaftar da mai riƙo sosai, ko a sa gajeriyar ekstenshan mai kyau a kwantar da na'urar a kan tebur.

Sai batun canjin wuta. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareta, ko aka dawo daga janareta zuwa NEPA, ekstenda da rauta duka suna mutuwa su tashi, sai dai idan suna kan inbata ko UPS. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sa rauta a layin inbata, a bar ekstenda a soket ɗin da ba ya kan layin, sai mutanen ɗakin baya su riƙa kukan yankewa alhali na falo ba su ga komai ba. Idan gidan yana da sola ko inbata, a tabbatar dukansu biyu suna kan layi ɗaya da ba ya ɗaukewa. A duba kuma rubutun da ke bayan na'urar: idan an rubuta 100-240V za ta jure wutar ƙasar nan mai 230, kuma za ta ɗan jure wuta marar ƙarfi. Na'urar gwanjo da aka rubuta mata 120V kaɗai ba a cusa ta a soket ba tare da taransifoma ba.

Zafi ma yana sa na'urar ta riƙa sake tashi da kanta. Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa na'urorin nan suna aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma a watan Afrilu zafin Kano ko Sakkwato ko Yamai yana wuce haka da rana, balle a baranda mai rufin kwano ko bayan labule. Alamar ita ce yankewar tana yawaita daga azahar zuwa la'asar, ta lafa da dare. A taɓa jikin na'urar, ɗumi ba laifi ba ne, amma idan hannu ba ya iya daɗewa a kanta ta yi zafi da yawa. A ɗauke ta daga inda rana ke dukanta, a raba ta da bayan talabijin da firji, kuma bayan hunturu a zare ta a busa ƙurar da ta toshe ƙananan ramukan iskarta.

Mataki na huɗu: wurin da aka ajiye ta

Wannan shi ne tushen yawancin matsalolin. Mutum yana sayen ekstenda saboda wani ɗaki ba ya samun waifai, sai ya kai ta cikin wannan ɗakin ya cusa. Amma inda waya ba ta jin rauta, ekstenda ma da ƙyar take ji. Aikinta irin na ladanin da ke maimaita kabbara ne a filin idi: in ya tsaya can ƙarshen sahu inda muryar liman ba ta isa, ba shi da abin da zai isar wa na bayansa komai ƙarfin muryarsa. Abin ruɗarwa shi ne wayar za ta nuna sigina cike, domin tana kusa da ekstenda, alhali gaɓar da ke bayanta tana kan saki.

Wurin da ya dace shi ne wajen tsakiyar tazarar da ke tsakanin rauta da ɗakin da ake son kaiwa, a ɗan fi karkata wajen rauta. Ba a barin wannan ga ƙiyasi. A sauke ɗaya daga manhajojin auna waifai a wayar Android, a haɗa da waifan rauta, a tsaya daidai soket ɗin da ake son amfani da shi, a karanta lambar da ke da dBm a gabanta. Lambar tana da alamar ragi, kuma ƙaramar lamba ita ce sigina mai ƙarfi: -50 ya yi kyau ƙwarai, -60 ya yi, daga -67 zuwa -70 an zo bakin iyaka, -80 kuwa ba a gina komai a kansa. A ganina kada a ajiye ekstenda inda lambar ta wuce -65, saboda sigina tana hawa tana sauka a cikin yini, kuma wurin da ke bakin iyaka da safe zai faɗa ƙasa da yamma idan mutane suka cika gida, maƙwabta kuma suka kunna nasu.

Nisan mita ba shi ne kawai abin lissafi ba, abin da ke tsakani ya fi shi. Bangon bulo da siminti yana cin sigina sosai, dakin na kankare mai rodi ya fi shi ci, ƙofar ƙarfe da babban madubi da tankin ruwa kuma kusan toshe ta suke yi. A gidan da ke da tsakar gida da ɗakuna kewaye, sau da yawa soket ɗin baranda da ke fuskantar tagar ɗakin rauta ya fi soket ɗin cikin ɗaki mai kusa amma bango biyu a tsakani. A gidan bene, wajen matakala ne sigina ke samun hanyar hawa. A guji soket ɗin da ke ƙasa dab da daɓe a bayan kujera, a nemi wanda ya kai tsayin ƙugu ko sama. Eriyoyin kuma a miƙe su tsaye. Bayan kowane canjin wuri a ba na'urar minti biyu ta tashi kafin a yanke hukunci da launin fitilarta.

Mataki na biyar: tasha, zango da tsaro

Kowane zangon waifai an raba shi tashoshi masu lamba kamar na rediyo, kuma ekstenda tana bin tashar da rauta take kai. Idan rautar tana kan zaɓin tasha na kai-da-kai, wato Auto, za ta iya canja tasha duk lokacin da ta ga cunkoso, kuma kowane canji yana sa ekstendar ta saki ta sake nema. A shiga saitin waifai na rauta a kafe tashar zangon 2.4 GHz a kan 1 ko 6 ko 11, domin su ukun ne ba sa hawa kan juna, a zaɓi wadda manhajar aunawa ta nuna maƙwabta ba su cika ba. Faɗin tashar kuma a mayar da shi 20 MHz. Gudun zai ɗan ragu a takarda, amma haɗin zai fi zama, kuma a unguwa mai cunkoson gidaje wannan ciniki ne mai riba.

Akwai wata matsala ta musamman ga na'urorin da aka yi domin kasuwar Amurka: a zangon 2.4 GHz tasha 1 zuwa 11 kawai suke gani. Idan rauta ta haura 12 ko 13 da kanta, ekstendar ba za ta ƙara ganin ta ba, fitilar sigina ta mutu, har sai rautar ta sauko. Wanda bai san wannan ba zai rantse na'urar ta lalace. A zangon 5 GHz kuma tashoshi daga 52 zuwa sama har 144 ana raba su da na'urorin rada, kuma ƙa'ida ta wajabta wa rauta ta bar tashar nan take idan ta ji rada, sannan ta saurara aƙalla minti guda kafin ta fara amfani da wata irinta. Wasu ekstendoji ma ba sa ganin waɗannan tashoshi kwata-kwata. Maganin shi ne a kafe 5 GHz a kan 36, 40, 44 ko 48. Idan fitilar 5G ce kaɗai ke mutuwa ta 2.4G tana nan, a nan za a fara dubawa, sannan a tuna cewa 5 GHz ya fi gudu amma bai kai 2.4 GHz ratsa bango ba.

Idan yankewar tana zuwa ne duk lokacin da aka kunna na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, ba abin mamaki ba ne, domin tana aiki a kusan 2.45 GHz. A nisanta ekstenda da kicin.

Ta fuskar tsaro, tsofaffin ekstendoji da yawa ba su san sabon tsarin kulle waifai na WPA3 ba, kuma wasunsu suna tangal-tangal idan rauta tana kan gaurayen WPA2 da WPA3. A gwada kafe rautar a kan WPA2 mai AES. Sannan a tambayi mutanen gida ko wani ya canja sunan waifai ko kalmar sirri a rauta, domin ekstenda tana riƙe da tsohuwar ne, kuma ba za ta sake haɗuwa ba sai an shiga an ba ta sabuwar.

Mataki na shida: waya ta haɗu amma babu intanet

Idan fitilu duka lafiya, waya ta nuna ta haɗu, amma shafi ba ya buɗewa, a shiga bayanan waifan a wayar a duba adireshin IP da ta samu. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin babu wanda ya ba ta adireshi, ita ta ƙirƙira wa kanta. Adireshin da lambobinsa uku na farko suka saɓa da na rauta, misali rauta tana 192.168.8.1 waya kuma ta samu 192.168.0.100, yana nufin ekstendar ce ta raba mata. Wannan yana faruwa sosai bayan an kawo wuta. Ekstenda tana riga rauta tashi, musamman rauta mai layin waya da sai ta nemi sabis, kuma wasu samfuran, ciki har da na TP-Link, suna kunna nasu rabon adireshin idan ba su ga rauta ba. Wayoyin gida su karɓi adireshin da ba ya kai su ko'ina, su riƙe shi ko bayan rauta ta tashi.

Gyaran gaggawa shi ne a kashe waifan wayar a kunna. Gyaran da ya fi shi shi ne a bi tsarin kunnawa: a kashe duka, a kunna rauta, a jira fitilar intanet ɗinta ta tsaya, sannan a kunna ekstenda. Gyara mai ɗorewa kuwa shi ne a shiga shafin ekstendar a kashe DHCP nata, wato nata rabon adireshin, a ba ta kafaffen adireshi a cikin jerin na rauta wanda ba a raba wa kowa, a rubuta shi a takarda a manna a jikinta, domin bayan an kashe DHCP ta wannan adireshi ne za a riƙa shiga shafinta.

Masu amfani da ƙaramar rauta ta aljihu, wato MiFi, su lura da abu biyu. Tana da iyakar yawan na'urorin da take ɗauka, a samfurori da yawa goma ne ko kusa da haka, kuma duk wayar da ta shigo ta ekstenda tana cikin lissafi. In aka cika, ta gaba za ta haɗu da ekstenda amma ba za ta wuce ba. Sannan tana da saitin barci da ke kashe waifai don tanadin batir, wanda ya kamata a kashe shi idan za ta zauna a wuta. Wanda kuma ya kunna tace na'urori ta lambar MAC, wato lambar shaidar kowace na'ura, a rautarsa domin hana maƙwabta, ya sani cewa ekstendoji da yawa suna sauya lambar kowace waya da wata ta aro kafin su miƙa ta ga rauta, sai rautar ta ƙi ta a matsayin baƙuwa. A kashe tacewar na ɗan lokaci, a haɗa wayoyin ta ekstenda, a ƙara sababbin lambobin da suka bayyana a jerin waɗanda aka yarda da su, sannan a mayar da ita.

Idan waya ɗaya ce tak ke fama sauran suna lafiya, a sa ta manta da waifan a sake haɗa ta, a kashe tanadin batir a gwada. Wayar da ke yawo tsakanin falo da ɗakin baya kuma takan maƙale wa sigina mai nisa har sai ta yanke kafin ta koma mai kusa. A lokacin bincike ya fi kyau ekstenda ta riƙe suna daban da na rauta, kamar wanda take zuwa da shi mai _EXT a ƙarshe, domin a san ainihin inda wayar take a kowane lokaci.

Mataki na bakwai: sabunta manhaja, sannan riset

Idan an bi duk waɗannan ba a dace ba, sai a sabunta manhajar cikin na'urar. Ana shiga shafin TP-Link ta tplinkrepeater.net, na Netgear ta mywifiext.net, na Linksys ta extender.linksys.com, na D-Link kuma ta dlinkap.local, kuma waɗannan adireshi suna buɗewa ne kawai idan waya ko kwamfuta tana haɗe da ekstendar kanta. Idan za a sauke fayil ɗin da hannu, a ɗauko shi daga shafin kamfanin, kuma ya dace da lambar samfuri da lambar zubi da ke bayan na'urar, irin V2 ko V3, domin fayil ɗin wani zubi yana iya kashe ta. Kada a fara wannan aiki a kan wutar da ba a amince da ita ba. Ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa tana iya barin na'urar da fitilar Power mai ƙiftawa ba tsayawa, kuma ba kowace ke farfaɗowa daga nan ba. A yi shi a kan inbata ko UPS.

Riset yana zuwa bayan haka. Na'urar tana kunne, a danna maɓallin da ke cikin ƙaramin rami da allura ko tsinke, a riƙe gwargwadon abin da takardar samfurin ta ce, wasu daƙiƙa guda ta isa, wasu sai kusan goma, har fitilu su canja. Sabon haɗin a yi shi a ɗaki ɗaya da rauta, ba a wurin da za ta zauna ba. Ta hanyar WPS ana danna maɓallin rauta, sannan a danna na ekstenda kafin minti biyu su cika, a jira fitilar ta daina ƙiftawa ta tsaya. A wasu masu zango biyu sai an maimaita kafin 5 GHz ya kama. WPS ba ya aiki idan rauta tana kan WPA3 zalla ko an ɓoye sunan waifai, kuma a irin wannan hali sai a bi ta burauza: a haɗa da waifan ekstendar, a buɗe adireshinta, wanda a sabuwar TP-Link 192.168.0.254 ne, a Netgear kuma 192.168.1.250, a zaɓi sunan rauta a rubuta kalmar sirri a hankali. Bayan fitilar sigina ta nuna launi mai kyau sai a kai ta wurin da aka auna.

Idan gidan ya fi ƙarfin ekstenda

Akwai gidan da babu soket ɗin da zai ba da -65 kuma ya isa ɗakin da ake so, kamar gida mai sassa biyu da fili a tsakani, ko bene mai dakin kauri. Ƙara ekstenda ta biyu a bayan ta farko ba ya gyara wannan. Ekstenda mai rediyo ɗaya tana karɓa ta aika a tasha guda, don haka gudun yana raguwa da kusan rabi a kowane tsalle, kuma gaɓoɓin da za su iya saki suna ƙaruwa. Yawancin ekstendoji masu ramin kebul suna da wani yanayin aiki mai suna Access Point, wanda ake zaɓa a shafin saiti ko da ɗan makunni a gefe. A ja kebul ɗin Cat5e ko Cat6 daga ramin LAN na rauta zuwa ramin ekstendar, tsawonsa kada ya wuce mita 100, a sa shi cikin bututun roba idan zai ratsa waje saboda rana da ɓeraye. A wannan yanayi ekstendar tana karɓar intanet ta kebul, don haka ana iya kai ta har cikin ɗakin da ke da matsalar, a ba ta tasha daban da ta rauta, misali rauta a 1 ita kuma a 11, kuma fitilar da za a riƙa dubawa daga nan ita ce ta ramin kebul.